Kaya Sun Cika Min Ɗaki, Bashi Ya Cika Min Kai

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Kano, shekarata tara da aure, yarana uku. Ɗakina ya cika da kaya har ba na son shigarsa. Sif biyu maƙil, akwatunan lefe a samansu, ƙarƙashin gado kuloli ne da ban taɓa zuba musu abinci ba, gaban madubi kuma mayuka ne birjik. Akwai atamfofi da lesukan anko da ko wurin tela ba su je ba. Amma da dare ya yi, yara suka yi barci, na ɗauki waya na ga kaya a status, sai in ce a ajiye min. Yanzu ana bi na kusan naira 300,000, mai gidana bai sani ba, kwasar adashina ma tun ba ta zo ba na riga na cinye ta. Ƙawata ta ce ai kula da kaina nake yi, in daina takura wa raina. Ni kuwa kullum a gajiye nake. Akwai kwalla da tasoshin da marigayiya mahaifiyata ta yi min jere da su, su kam ba zan iya rabuwa da su ba. In ƙara sif ne, ko in matsa wa mai gida mu koma gida mai ɗaki uku?

Maman yara uku, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta.

Kada ki ƙara sif, kada kuma ki tayar wa mai gidanki da maganar tashi yanzu. Sabon sif kafin babbar sallah ya cika, ɗaki na uku kuwa sito zai koma, ga ƙarin kuɗin haya a kan bawan Allah. Ranar da babban yaronki ya kusa shekara goma, lokacin raba wa maza da mata wurin kwana ya zo, wannan hujja ce da za ki iya tunkarar sa da ita kanki a ɗage. Kuloli ba hujja ba ne.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai ba yawan kayan ba ne. Kin ce sai yara sun yi barci kike ɗaukar waya, kin kuma ce kullum a gajiye kike. Ke kin rubuto su a matsayin matsala biyu, ni a wurina abu ɗaya ne. Tun asuba kina tsaye: abin kari, shirin makaranta, aji cike da 'ya'yan mutane, ki dawo ki ɗora tukunya, ga wanki, ga aikin gidan yara, ga hidimar mai gida. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne kaɗai lokacin da ba mai kiran sunanki. A wannan lokacin ido ya yi nauyi, hankali ya yi rauni, kuma abu ɗaya tilo da za ki iya yi wa kanki daga kwance shi ne ki rubuta "a ajiye min". Daɗin yana cikin rubutawar da jiran ɗan aike. Da leda ta iso kin buɗe kin shafa, shi ke nan, an gama. Shi ya sa turamen ba sa zuwa wurin tela. Ba suturar kike nema ba, hutu kike nema, kuma shi ba a sayar da shi a status.

Zamani ma ya taimaka wajen jefa ki. Da can mai son atamfa sai ta shirya, ta nemi izini, ta hau adaidaita zuwa Kantin Kwari, ta sha rana da turmutsitsi, ta taya, sannan ta buɗe jaka ta ƙirga kuɗi tana ganin suna barin hannunta. Sau da yawa kafin ta isa kasuwar sha'awar ta mutu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kowa ya koyi tiransifa, har mai ƙosai. Yanzu naira 35,000 tana fita da yatsa ɗaya, ba a ji ko nauyinta ba. Masu sayarwa kuma sun san aikinsu: "saura biyu", "gobe kuɗi zai tashi", "ki ɗauka kawai Hajiya, ƙarshen wata kya bayar". Ba na ganin laifinsu, sana'a suke yi, da yawansu mata ne masu neman na cefane kamar kowa.

Na san kuma abin da zuciya ke raya miki: kaya kullum tashi suke, gara in saya yau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a wata mai bi masa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Iyayenmu ma sun yi ajiya da zane. Mace takan adana Holan biyu ko uku a ƙasan adaka, ranar da ta ɓaci ta ba dillaliya ta fitar da ita kunya. To amma wannan Holan ce ta gaske, ta kamfanin Vlisco da ke garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846, wadda ke riƙe darajarta shekara da shekaru, kuma da kuɗin hannu suka saye ta. Tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, mafi yawan atamfar da ake fitarwa anko daga ƙasar Sin take zuwa, yayinta wata uku ne, da an ga zanen a biki biyu an daina so. Ba a ajiya da ita, balle a ce bashi aka ci aka saya.

Saboda haka kada ki fara da fitar da kaya. Wanda ya fara da fitarwa alhali shigowa ba ta tsaya ba, kamar mai kwarfe ruwa ne daga ɗaki a tsakiyar damina bai gyara kwanon rufi ba. Yau ɗin nan ki bi masu sayar da kayan da ke wayarki ɗaya bayan ɗaya ki rufe status ɗinsu. Danne sunan kawai za ki yi ki zaɓi ɓoyewa, WhatsApp ba ya sanar da su, ba wanda zai ji haushi. Ki fita daga gurup-gurup ɗin kaya, ki daina bin shafukansu a Instagram da TikTok. Daga ƙarfe goma wayar ta kwana a falo tana caji. Idan kuma da rana wani abu ya shiga ranki, ki ba shi kwana uku kafin ki yi magana. A cikin kwana ukun nan ki buɗe sif ki duba ko kina da irinsa, ki tambayi kanki ranar da za ki sa shi da wurin da za ki ajiye shi, da ko za ki iya biya yanzu ba tare da kin taɓa kuɗin wani ba. In amsar ƙarshe a'a ce, magana ta ƙare, ko da rabin kuɗi aka yi. Araha ba ta ado.

Sai bashi, wanda shi ne ainihin abin da ke hana ki barci. Ki sami takarda, ba waya ba, ki rubuta sunan duk mai bin ki da abin da take bi. Jimlar da ke yawo a kai ta fi ta kan takarda firgitarwa. Daga nan ki kira su da bakinki, kada ki jira su kira ki: "Hajiya, ina sane da kuɗinki, duk wata zan riƙa ba ki kaza har in gama." Wadda kayanta ke nan a ledarsu ba a taɓa ba, ki tambaye ta ko za ta karɓa, ko da za ta ɗan rage wani abu. Da yawa za su yarda, don kaya a hannu ya fi musu alkawari. Abin da nake roƙon ki da Allah shi ne kada ki kusanci manhajojin ba da rance na waya don ki toshe wannan ramin. Ban da ruwan da suke ɗorawa, wanda kin san hukuncinsa, wasunsu in aka makara sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon tozarci. Abin ya kai a 2022 sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. Ki yi tunanin irin wannan saƙo ya faɗa wayar shugabar makarantarku ko ta surukarki.

Mai gidanki kuma ki faɗa masa. Na san wannan ne layin da ba ki son karantawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin da ke ɓata aure shi ne ya ji a bakin wata a ƙofar gida. Amma kada ki je masa da kuka hannu rabbana. Ki bari sai kin rubuta takardar nan, kin mayar da abin da zai mayu, kin sayar da wani abu. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa, ki ce: "Abban yara, akwai abin da na ɓoye maka, ina so ka ji daga bakina. Ana bi na kaza, na biya kaza, ga yadda zan biya sauran daga albashina. Ba kuɗi nake roƙo ba, so nake ka sani." Zai iya ɓata rai, yana da hakkin hakan, ki ba shi kwana biyu ya huce. Idan kin san mutum ne mai zafin hannu, to ki fara sanar da yayarki ko wani babba da yake jin nauyinsa, a yi maganar a gabansa.

Yanzu ɗakin. Kada ki zazzage komai a tsakar ɗaki rana ɗaya, magariba za ta same ki zaune a kan tulin kaya kin rasa ta inda za ki ɓullo, ki tattara ki mayar. Kowace Asabar wuri ɗaya, awa biyu, ki tsaya.

Ki fara da gaban madubi, don nan ne zuciya ba ta da abin cewa. Ki juya kowace kwalba ki duba ranar lalacewa. Wasu za ki ga an zana ɗan gwangwani a buɗe da 6M ko 12M a jikinsa, ma'ana wata shida ko sha biyu daga ranar da aka buɗe. Maskara wata uku ce, bayan haka ciwon ido kike ajiyewa. Wanda ya canza wari ko ya tsinke, bola. Sannan haɗe-haɗen nan da ake zubowa a roba ba suna, ba lambar NAFDAC, ana ce musu na gyaran fata: da yawansu akwai sinadarin clobetasol ko hydroquinone a ciki, wasu har da makuri (mercury). Na farko yana sirantar da fata ya kawo nankarwa da ƙuraje, na biyu in an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabon da ke wuyar fita, na uku kuwa ƙoda yake taɓawa. In kin daɗe kina shafa irinsu, ki ga likitan fata ya nuna miki yadda za ki janye, don yankewa farat ɗaya kan sa fuska ta rikice. Waɗannan kam ba a yin kyauta da su, ko ga mai aiki.

Asabar ta biyu ƙarƙashin gado. Gida mai mutum biyar, kuloli nawa yake buƙata? Na kullum, da saiti ɗaya na baƙi da azumi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim daga Jabir ɗan Abdullahi, Annabi (SAW) ya ce shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta shaiɗan. Malamai sun ce ana nufin abin da ya wuce buƙata aka tara don alfahari. Ki auna kulolinki da zannuwan gadonki da wannan ma'aunin. Waɗanda ke cikin kwalinsu kuɗi ne a kwance, kuma masu haɗa kayan ɗakin amare kullum nemansu suke.

Nan ne za ki nemi dillaliya. Kowace unguwa akwai ta, kuma tun kafin a san wani abu intanet ita ke shiga gida-gida da ƙullinta tana raba mata da abin da ya ishe su. Ki nemi wadda aka shaida da amana, ku yanke farashi da la'adarta tun farko, ki rubuta abin da kika ba ta. Ki shirya ranki, ba za ki mayar da kuɗinki duka ba. Leshin da kika saya da tsada za a taya shi har ranki ya sosu. Ki sayar. Asarar tun ranar da kika saya aka yi ta, ajiye shi shekara biyu a sif yana shan kafur, asu da fumfunar damina suna jiransa, ba zai dawo da ita ba. Fasassun robobi da tukwanen da suka huje kuma ki tara wa 'yan gwangwan.

Ɗinkakkun kaya, duk wanda sallah biyu suka wuce ba ki sa ba, ba naki ba ne. Har da waɗanda kike jira ki rame ki shiga, tun haihuwar fari suke jira. Amma ki kula da tsari: mai daraja a sayar a biya bashi tukuna, don hakkin mutane yana gaba da kyauta. Sauran ki wanke, ki goge, ki ninke, ki ba wanda zai sa ya fita da shi ba kunya. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Wanda ya yage ko ya koɗe tsumma ne, a goge ƙasa da shi, ba sadaka ba ne.

Anko kuwa, ai shi ne ƙofar da ta fi wuyar rufewa, don ba kaya ake saya ba, gudun "wance ta raina ni" ake saya. Ki yanke wa kanki doka tun kafin katin biki ya zo: na 'yan ɗakinku da na dangin miji na kusa za ki yi, sauran a'a. Kina da jimla ɗaya da za ta fitar da ke: "Allah Ya sanya alheri, wannan karon ba zan sami damar anko ba, amma in sha Allahu ina nan tafe." Kada ki ƙara bayani, bayani ne ke buɗe ƙofar "ki ɗauka kya biya daga baya". Ki sa abin da kike da shi mai kusa da launin, ki je da wuri, ki kama aiki, ki miƙa gudummawarki a ambulan. Uwar amarya ta fi tuna wadda ta tsaya mata a kan tukunya da wadda ta ba ta naira 10,000 a hannu fiye da wadda ta sa leshi iri ɗaya ta zauna. Za a yi gulma, ba na musu. Bikin farko ne mai zafi. Kuma ki lura, a cikin ƙawayen naki akwai masu jiran wata ta fara su bi bayanta.

Kwalla da tasoshin mahaifiyarki, ba wanda ya ce ki rabu da su. Ki bar su sai ƙarshe, kuma kada ki bari zafin gyara ya kwashe ki ki yi abin da za ki yi kuka a kansa. Na ga matan da suka ba da jerensu lokacin da aka ce ya zama tsohon yayi, yau suna nema da kuɗi ba su samu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar su a buhu a bayan sif, inda duk wurin da fentin ya ɓantare tsatsa ke ci. Ki fito da su ki wanke, ki shanya su bushe sarai, ki ware musu kanta ɗaya a inda ido zai riƙa ganinsu. Ki ɗauki ɗaya ki riƙa zuba tuwon sallah a ciki, yaranki su san ta kakarsu ce. In suna da yawa kuma kina da ƙanne mata, ki ba kowacce ɗaya, ita ma uwarta ce. Kulolin ƙarƙashin gado ne suka cinye wurin da ya kamata a ce nasu ne.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya duka ba. Kina da hakkin ki kula da kanki. Lokacin da Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar da matarsa cikin tufafin da ba kintsi, mijin kuma ya duƙufa azumi da tsayuwar dare, ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowa hakkinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Yana cikin Bukhari. Inda ta kuskure shi ne abin da ta kira kulawar. Abin da zai bar ki da faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara bai kula da ke ba.

Hakkin jikinki na farko barci ne, awa bakwai, kuma wayar da ta koma falo ita za ta biya ki shi. Na biyu ki rage wa kanki aiki. Yaron da ya kai shekara bakwai zai iya share ɗaki, ya wanke safarsa, ya haɗa jakarsa. Ki nemi mai gida ya ɗauke miki yammacin rana ɗaya a mako, ya fita da su ko ya zauna da su, ki je kitso, ki zauna a yi miki lalle ba kina kallon agogo ba, ki leƙa 'yar uwa, ko ki rufe ƙofa ki kwanta kawai. Na uku, wannan gajiyar ta kullum kada ki ɗauke ta halin uwa. Ki je asibiti a duba yawan jininki, a auna hawan jini da suga. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin matan da suka yi haihuwa a jere, kuma maganinsa bai kai kuɗin turmi ɗaya ba. Idan kuma kin lura fiye da mako biyu ba ki jin daɗin komai, kuka na zuwa ba dalili, barci ya ƙaurace ko da kin ajiye wayar, ki faɗa wa likitan haka ɓaro-ɓaro. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, akwai masu duba shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma sayayyar da mutum ya kasa tsayarwa takan zo tare da shi.

Ban ce ki daina ado ba. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in za su kashe ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro. Idan bashi ya ƙare, ki ware wani abu daga albashinki duk wata da sunan kanki, a asusun da ba ki da manhajarsa a waya. Sallah ta matso ki cire shi a hannu, ki je Kwari da ƙafarki, ki taɓa zanen, ki duba bakinsa, ki taya, ki sayi turmi ɗaya mai kyau, daga nan ki wuce wurin tela kafin ki koma gida. Adashin ma, zagaye na gaba ki sa wa kwasar suna tun ranar zubin farko, kuɗin makaranta ne ko ɗan kunnen gwal, kuma ki faɗa wa uwar adashi.

Wani dare za ki zame, ki farka da safe ki ga kin rubuta "a ajiye min". Kafin ki ɗora ruwan shayi ki tura mata: "Hajiya ki yi haƙuri, na fasa, ki ba wata." Tun ɗan aike bai taso ba, ba ki ci hakkin kowa ba. Allah Ya rufa asiri, Ya hore miki biya.